Ɗaya ga Janairu

Saƙonka ya shigo da asuba, Zabairu,
muryarka a waya, jirgin ƙasa yana kuka bayanta:
"Takarda bakwai suke so kafin wata ya mutu.
In sun cika, su ba ni katin zama na shekara goma."
Na ce to.
Ban san abin da ake faɗi bayan to ba.

Na jawo akwatin ƙarfen Baba daga ƙarƙashin gado,
warin tsatsa da kanumfari,
rasit ɗin haraji, hoton raƙumin da muka sayar,
sai takardar haihuwarka a can ƙasa,
gara ta cinye kusurwarta
daidai wurin da rana da wata suke zaune.

A meri, Malam Nomau ya gyara tabarau.
Nan an rubuta ka da a, can an rubuta ka da u,
a fasfo kuma sun ɗora ma harafi wutsiya.
"Mutum uku ke nan, baiwar Allah. Wanne ne ƙanenki?"
Na ce wanda ya faɗo daga kanya a bakin Babaye,
hannunsa na hagu bai sake miƙewa sosai ba.
Ya ce doka ba ta san kanya ba.
Tambur jika guda, ki dawo Laraba.
Laraba aka ɗauke wuta.
Alhamis mai sa hannu ya tahi Ƙonni ta'aziyya.

Kotu ta ce a kawo shaidu,
na ɗauko Inna a kabu-kabu, tana riƙe da ƙuguna.
Suka ce yaushe aka haife shi?
Ta ce shekarar da rijiyar Bilbis ta rufta,
an gama yankan hatsi, ana sussuka,
ina fama da haƙori, ga naƙuda.
Magatakarda ya saurara har ta ƙare,
ya rubuta: ɗaya ga Janairu.
Rabin Tawa ran nan aka haife su,
sai ka ce uwayenmu baki suka haɗa
suka durƙusa dare guda.

Ta dangwala babban yatsa a tawada.
A hanya ta ce, "Takardar mece ce ma?"
Na ce ta aiki.
Iska ta kwashe sauran maganar, na gode mata.

Akwai wadda ta ce ba ka taɓa laifi ba,
fara tas, da hatimi biyu.
Ba su tambaye ni ba.
Da na faɗa musu cukun Inna da ka sace a faifai,
da ran da ka ce damina biyu kawai za ka yi.
Bana ta tara.

Kowane hatimi da ya sauka bisa tebur
ina jin sa kamar taɓarya a turmin maƙwabta,
ana daka abin da ba gidanmu za a ci ba.
Ni ke bin layi, ni ke biya, ni ke godiya,
ni ke gina maka katanga a wata ƙasa
da tubalin da na ɗebo daga tamu.

Jiya na kai ambulan tashar motar Yamai.
Yaron ya ɗora ta a sikeli, ya ce giram tamanin.
Ka fi haka nauyi sa'ad da nake goya ka
ina tallar fura a Kurfayawa,
kana jiƙa mini zane, ina zaginka.

Allah ya sa su karɓa. Da gaske nake.
Ka sa rigar sanyi in za ka bin layinsu.

Inna ta share ɗakinka yau ma.
Shuɗin tawadar ya maƙale a tsagar yatsanta,
ta yi alwala da shi, ta ci tuwo da shi,
kwana huɗu ke nan bai fita ba.